Gwaggo Mai Koren Fom Talatin da Bakwai

A ofishinmu na kula da walwalar yara mu goma sha ɗaya ne, amma in ka zo da matsala mutum ɗaya za ka tarar a waje, ita ma da tsintsiya a hannu. Gwaggo ke nan, mai shara da dafa mana shayi. Sauranmu muna ɗakin taro na baya, ƙofa a rufe, ana bita. Ni mai buga takardu ce, shekarata goma sha huɗu a teburin bakin taga, kuma ko rantsuwa aka ba ni zan yi, ban taɓa ganin watan da ya kama ya ƙare ba a yi mana bita ba. An koya mana sauraron yaro. An koya mana kai ziyara gida. An koya mana rubuta rahoton ziyara, duk da har yau ban san wanda ya taɓa kai ziyarar ba, don ranar da akwai direba babu mai a mota, ranar da akwai mai direban yana cikin bita. Akwai shekarar da aka kwashe mu zuwa otal kwana uku aka koya mana hanyoyin rage yawan bita.

Gwaggo gajeruwa ce mai jiki, silifas ɗinta kullum ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, makullan ofis a ɗaure a gefen zaninta suna ƙara tun kafin ka gan ta. Karatunta bai wuce ta haɗa baƙi da kyar ta sa hannu ba. Amma shekara goma sha ɗaya ta yi tana shiga ɗakin taro da tiren shayi tana fita, kuma kunnenta ba ya zubar da abin da ya ji. Mu da ke zaune muna latsa waya, ita da ke tsaye tana zuba madara ita ta haddace dokar. Sai ka ji ta a gaban dogon bencin baranda, inda mutane ke jira tun safe, tana rarraba su: "Kai malam, taka ba ta kotu ba ce, ta sulhu ce, ka dawo da matar ranar Laraba. Ke kuma baiwar Allah, kar ki kuskura ki sa hannu a takardar nan sai an karanta miki, haƙƙinki ne." Rabin mutanen da ofishin nan ya taɓa taimaka wa, wallahi ba su taɓa ganin fuskar jami'i ba.

Jika ɗaya take riƙo. Uwar yarinyar, 'yar Gwaggo, ta rasu tun yarinyar tana shekara biyu, uban kuma ya ce zai je neman aiki ya dawo, har yau ana jiran sa. Sunan Gwaggo aka sa mata, shi ya sa kowa ke ce mata Takwara. Lokacin da abin nan ya faru shekararta tara, siririya, baki kamar reza. In an tashi daga makaranta ofis take biyowa, ta wurga jaka ƙarƙashin teburina ta ƙwala kira:

"Ina tsohuwar nan? Tsohuwa, yunwa!"

Gwaggo ta fito da tsintsiya a ɗage. "Wace ce tsohuwar? Zo nan ki maimaita, marar kunya!"

Su yi ta zagaye benci, masu jira na ɗauke ƙafafu suna dariya, can ka tarar da su zaune suna cin burodi ɗaya da shayin da ya rage a buta. Abu ɗaya ne Gwaggo ba ta da shi, takardar riƙo. Ta nema tun shekarar farko, a ofishin da take sharewa kullum, amma jami'in da ke bayarwa in ba ya wajen bita to yana haɗa jakar tafiya.

Mai ba mu bita kusan kullum mutum ɗaya ne, dogo mai gilashi. Malam Kwali muke ce masa, don ba ya iya magana sai ya liƙa kwali a bango. Shi ya kawo mana wasan kwaikwayo. Wai jami'i ba zai ƙware ba sai ya gwada a kan mutum mai rai: ɗaya ya zama jami'i, ɗaya ya zama uwar da ta yi sakaci da ɗanta, a yi tambayoyi, a cike koren fom. Koren fom shi ne na rahoton sakaci ko cin zalin yaro. Jami'i dai kowa na so ya zama. Da aka zo kan muguwar uwa kuwa, matan ofis suka gyara zama suka ce Allah ya kiyaye, su da 'ya'yansu. Ana cikin wannan ja-in-ja sai ga Gwaggo da tire.

"Yauwa! Ga uwa Allah ya kawo mana," in ji Malam Kwali.

Jama'a, ashe baiwa ce a kwance. Gwaggo ta ajiye tire, ta kwance ɗankwali ta ci ɗamara da shi, ta turo baki, ta dubi jami'in da aka zaunar gabanta sama da ƙasa ta ce, "To, uban 'yan sa ido, me ya kawo ka gidana?" Ɗakin ya kece da dariya. Duk mugayen iyayen da ta taɓa gani a kan bencin nan ta kwaso su ta juye mana. Daga ranar ba a sake yin wasan kwaikwayo babu ita ba. Ta yi uwa mashayiya, ta yi mai dukan yaro da wayar wuta, ta yi mai kulle yara ta tafi yawo, akwai ranar da aka rasa namiji ta yi uba. Kuma kowane wasa da maganar da take rufe shi da ita, wadda duk muka haddace muke jira: "Ni na gaji da ita! Ku ɗauke ta ku kai ta inda za ku kai ta!" Mu tafa, a raba satifiket, har da ita.

To ga inda matsalar take. Malam Kwali ba ya yarda da fom na wasa. Ya ce dole hannu ya saba da na gaske, saboda haka daga kabad ake ɗebo fom, a cike shi har ƙasa, a danna masa hatimin ofis. Da aka zo gurbin suna da adireshi aka ce wa Gwaggo ta ƙirƙiro. Ta gwada sau biyu tana mantawa a tsakiyar wasa, ta ce, "Ni ƙarya ba ta zama a kaina, rubuta nawa kawai." Ta faɗi sunanta da na jikarta da lambar gidanta. Jami'in ya rubuta, kafin a raba abincin rana ya manta. Haka wanda ya biyo bayansa, da na bayansa.

In an tashi kowa ya watsar da takardunsa ya tafi, Gwaggo ke tattarawa. Da wani mai sharar ne, da ya zuba su a kwando an huta. Amma Gwaggo ta halarci bitar adana bayanai, ta ji da kunnenta cewa takardar da aka buga wa hatimi ba a yar da ita, babban laifi ne. Ita kaɗai ce a ofishin ta ɗauki darasin da gaske. Sai ta karkaɗe fom ɗin, ta daki aljihun ƙasa na kabad ɗin ƙarfe da ƙafa, don ba ya buɗuwa sai da duka, ta jera shi cikin sauran fayil-fayil. Shekara bakwai tana yin haka, har suka kai talatin da bakwai.

Bara aka kawo mana kwamfuta, bayan bita huɗu kan yadda ake kunna ta. Aka ce duk takardun da ke kabad a shigar da su ciki. Wa zai shigar in ba ni ba? Wata uku ina bugu, fayil dubu huɗu da 'yan kai. Mai bugu kuwa ba karatu take yi ba, ido ya ɗauka yatsa ya zuba, hankali yana can kasuwa. Amma ko da na karanta ba abin da zan gane, kuma wannan shi ne abin da ke ci min rai har yau. Shekara goma sha ɗaya matar nan tana ajiye min shayi da sukari cokali biyu yadda nake so. Ta san sunayen 'ya'yana, ta zo min barka, ta zo min gaisuwar mahaifiyata. Ni kuwa ban san sunanta na yanka ba. Gwaggo ce, shi ke nan. Sau talatin da bakwai na buga sunanta da lambar gidanta da yatsun nan nawa, ko a jikina.

Yadda aka tsara kwamfutar, duk gidan da rahotonsa ya kai uku sai ta yi masa jan layi. Gidan Gwaggo ba jan layi kawai ya samu ba, shi ne a saman jerin gaba ɗaya. Da ba abin da zai faru, don ba mai duba jerin. Sai ƙaddara ta sa aka turo mana sabuwar jami'a, yarinya ce da ta gama karatu, Sabuwa muke ce mata. Ranar Litinin ta kama aiki, ta tarar da ofis wayam sai maigadi, duk mun tafi otal har da Gwaggo. Ba a riga an yi mata bita ko ɗaya ba, saboda haka a tunaninta aiki aka ɗauke ta ta yi. Ta buɗe kwamfuta ta ga yarinya 'yar shekara tara, an kawo rahoto a kanta sau talatin da bakwai ba wanda ya motsa, kuma mai riƙon ba ta da takardar riƙo. Ta fashe da kuka, ta ce waɗanne irin marasa imani ne a ofishin nan. Ta kira Darakta, waya a kashe. Ta kira mataimakinsa, haka. Ta zaro takardun daga kabad, ta tari tasi ta tafi kotu. Alƙali ya dubi tulin fom, kowanne da hatiminmu, ya sa hannu a umarnin gaggawa. Ranar Laraba da hantsi ta je makaranta ta ɗauki Takwara daga aji ta kai ta gidan renon yara.

Mu a lokacin muna rana ta uku ta wata bita mai taken "Raba Yaro da Gidansu Shi Ne Matakin Ƙarshe". Gwaggo na kan dandamali, ta ci ɗamara, wasa ya yi daɗi, sai wayarta ta yi ƙara a cikin zani. Malamar ajin Takwara ce. Muna kallo ta kara wayar a kunne, can ta ce, "Suka kai ta ina?" Sai ta saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ta zube a kan gwiwoyinta tana cewa sun ɗauke ta, sun ɗauke min ita, ku taimake ni. Mu kuwa me muka yi? Tafi muka yi! Wasu har da miƙewa tsaye. Malam Kwali ya fizgi makirfo yana cewa, "Kun gani? Kun ga dabarar da ta yi da waya? Ku rubuta, wannan shi ake kira matakin nadama!" Sai da ta fita da gudu ba takalmi sannan tafin ya fara raguwa. Ni ma na tafa, ba zan ɓoye ba.

Washegari da gaskiya ta fito, na ɗauka abu ne na minti biyar: Darakta ya rubuta wa kotu cewa fom ɗin na wasa ne, a maido yarinya. Har na buga wasiƙar na kai masa. Ya karanta, ya cire gilashi, ya ɗaga kai ya dubi lambar yabon da ke rataye a bayan kujerarsa, wadda aka ba mu don mun fi kowane ofis yawan gano yaran da ke cikin haɗari.

"Kin san cewa talatin da bakwai ɗin nan duk sun shiga rahotanninmu na shekara-shekara?" ya tambaye ni.

"Ranka ya daɗe, yarinyar tana gidan reno."

"In muka ce wa kotu waɗannan na wasa ne, sai a tambaye mu guda nawa ne na wasa a cikin sauran. Kina da amsa? To, ni ma ba ni da ita. Za mu kafa kwamiti."

Aka kafa kwamitin mutum uku, biyu suna wajen bita. Sabuwa da ta gane abin da ta yi, kwana biyu ba ta iya cin abinci ba. Ta ce za ta koma kotu ta janye, aka nuna mata cewa umarnin da sunan ofis ya fita, Darakta ne kaɗai zai iya janyewa, ita kuma ta tuna ba a riga an tabbatar da ita a aiki ba. Ni ban ga laifinta ba. Kotu ta sa kwana ashirin da ɗaya kafin a zauna, kuma in alƙali ya yarda da takardun, Takwara ta zama ta gidan reno har ta girma.

A cikin kwanakin nan Gwaggo ba ta fasa zuwa aiki ba. Ta yi shara, ta dafa shayi, ƙarfe biyu ta yi ta nufi gidan reno da burodi a leda. Ba a barin ta shiga, don fayil ya ce ita haɗari ce ga yarinyar. Burodin ma ba a karɓa, wai ba a shigar da abinci daga waje. Sai ta tsaya a tsallaken titi gindin turken lantarki tana leƙen tsakanin ƙarafan ƙofa, ko za ta hango ta in an fito da su wasa. Ta hango ta sau huɗu, a cewarta. Zani ya fara yi mata yawa. Kuma duk safiya shayina na nan a kan tebur, sukari cokali biyu, ni kuwa na kasa shan sa. Rana ta shida na same ta a ɗakin girki na ce, "Gwaggo, ni na buga su."

Ta ci gaba da wanke kofuna. "Na sani, 'yar nan. Ni na ajiye, ke kika buga, ita ta je ta ɗauko. Kowa aikinsa ya yi." Ta miƙo min tsumma. "Goge min waɗannan, ina so in je wajen lauya."

Ofishin lauyoyin da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, Gwaggo ta san hanyarsa da ka, don ta tura mutane ɗaruruwa can. Na raka ta. Lauyar wata 'yar ƙaramar mace ce mai tsohuwar jaka, tana karatu tana ɓarar gyaɗa. Ita ce mutum ta farko a duniya da ta zauna ta karanta fom ɗin nan talatin da bakwai daga farko har ƙarshe. Tun tana daurewa har ta ajiye gyaɗar.

"Mama, a wannan shekarunki goma sha tara. A wannan 'ya'yanki bakwai. A wannan kuma gemu gare ki, kin saki matarki."

"Ranar ba namiji ne," in ji Gwaggo.

Lauya ta ce duk da haka hatimi hatimi ne, ofis zai iya cewa kuskuren rubutu aka yi, ana bukatar abin da zai nuna cewa a ɗakin bita aka cike su. Gwaggo ta tashi ta fita. Bayan awa ɗaya ta dawo ɗauke da wani tsohon akwati a ka. Satifiket ne fal, kowanne a cikin ledarsa, ko lanƙwasa babu. Namu mun daɗe da yin fifita da su, wasu kuma yara sun yi jirgin takarda da su. Lauya ta ɗauki fom ɗaya ta nemo satifiket ɗaya, kwanan watansu ya zo daidai. Ta ɗauki na biyu, haka. Muka baje su a ƙasa bibbiyu har suka kai bakin ƙofa, babu wanda ya rasa abokinsa. Sannan ta ce saura mutum ɗaya daga cikin ofis da zai tsaya ya faɗa da bakinsa, ta zuba min ido. Darakta ya riga ya ce duk wanda ya je kotu ba izini, sito za a mayar da shi ya riƙa ƙirga kujeru. Na ce a sa sunana. Ba jarumta ba ce, shayin nan ne ya ishe ni.

Ɗakin kotun ƙarami ne, fanka na juyawa kamar an yi mata dole. Aka shigo da Takwara cikin rigar gidan reno da ta yi mata yawa, an tsefe kitson da Gwaggo ta yi mata an aske gashin, wai ƙa'idarsu ce. Ta hango kakarta ta yunƙura, matar da ta kawo ta ta riƙe mata hannu. Lauyan ofis ya miƙe, mutum mai murya, ya fara karanto fom ɗaya bayan ɗaya. "Fom na ɗaya, mai riƙo ta ce: Ni na gaji da ita, ku ɗauke ta ku kai ta inda za ku kai ta. Fom na biyu, mai riƙo ta ce: Ni na gaji da ita." A ɗakin nan akwai jami'anmu biyar da Darakta, duk an yi mana bita kan kare yaro a gaban kotu, har da abincin rana. Ba wanda ya motsa. A fom na shida Gwaggo ta miƙe.

"Allah ya gafarta malam, doka ta ce a fitar da yaro kafin a karanta irin wannan."

Alƙali ya dube ta, ya dubi jami'anmu, ya ce a fitar da yarinyar. Aka fita da ita. Amma ta riga ta ji sau shida.

Sauran bai ɗauki lokaci ba. Lauya ta jera fom da satifiket bibbiyu har teburin alƙali ya cika. Na tsaya na faɗi abin da na sani. Alƙali ya tambayi Darakta, a cikin shekara bakwai da rahoto talatin da bakwai, sau nawa aka kai ziyara gidan. Darakta ya fara bayani kan ƙarancin mai. Alƙali ya katse shi, ya ce cikin jami'an da ke zaune wani ya gaya masa launin ƙofar gidan matar nan. Ba wanda ya sani, har da ni. Ya ce shekararsa ashirin yana ganin satifiket ɗin bita, yau ne karon farko da ya ga sun yi wa wani yaro amfani. Ya ba da umarni a miƙa wa Gwaggo jikarta nan take, a kuma ba ta takardar riƙo cikin kwana bakwai. Sai da aka je otal aka fito da jami'in da ke bayar da takardar daga tsakiyar bita ya sa hannu a kan bonet ɗin mota.

Kun san abin da ofis ya yi don kada haka ta sake faruwa? Bita, mana. Kwana biyu, mai taken "Darussa Daga Kuskuren Koren Fom", kuma Malam Kwali ne ya zo, da sababbin kwalaye. Da aka zo wasan kwaikwayo sai ga Gwaggo da tire. Ya washe baki ya ce babu wanda zai fito a matsayin kakar da aka ƙwace wa jika kamar ita. Gwaggo ta ajiye masa kofinsa, ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Malam, shayi aka ɗauke ni dafawa." Ta fita abinta. Ya waiwaya yana neman wata, sai Darakta, da ke cike da ni tun ranar kotu, ya nuna ni da biro. Na hau, na ci ɗamara, na yi iya yina. Da aka zo gurbin adireshi na ba da lambar gidan Darakta, jami'in ya rubuta bai ɗago ba, ya danna hatimi. Da aka tashi Gwaggo ta zo tattara takardu. Ta ɗaga fom ɗin ta haɗa baƙi a hankali, ta dube ni, ta je ta daki aljihun ƙasa da ƙafa. Yanzu saura biyu a yi masa jan layi.

Ni dai wannan ya ɗan sanyaya min rai, amma bai gyara komai ba. Takwara na biyowa ofis bayan makaranta kamar da. Sai dai yanzu sallama take yi, ta ajiye jaka a hankali, ta durƙusa ta ce, "Kaka, sannu da aiki." Ta karɓi tsintsiya ta share barandar da aka riga aka share. In an ba ta burodi ta ci rabi ta ce ta ƙoshi. Gwaggo ta yi mata bayani ya fi a ƙirga, cewa wasa ne, a baki ne kawai, har akwatin satifiket ta buɗe mata. Yarinyar ta ce, "Na sani, Kaka." Amma wata rana tana zaune gefen teburina tana aikin makaranta, ba ta ɗago ba ta ce min, "Anti, in mutum ya gaji da mutum, yakan gaya masa tukuna, ko sai dai kawai a zo aji a kira shi?" Ni mai satifiket ɗin sauraron yaro har uku, sai na ci gaba da bugun takardata.

Gwaggo kuwa ba irin tsokanar da ba ta yi. Ta sa silifas a juye, ta dogara tsintsiya tana tafiya a duƙe tana nishi, ta yi kamar ta manta inda ta ajiye makullan da ke ɗaure a zaninta. Da can wannan ya isa a yi mata waƙar tsufa har yamma. Yanzu sai yarinyar ta durƙusa ta juya mata takalmin, ta ce, "Kaka, ki zauna ki huta, ni zan yi." Jiya bayan an yi haka Gwaggo ta shigo ta zauna a kujerar da ke gabana, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗora tsintsiya a cinya.

"Sun ba ni takarda, 'yar nan, har da hatimi," ta ce. "Sun maido min yarinya mai ladabi. Ni marar kunyata nake so."

Yau ma ƙarfe biyu saura kwata ta ajiye wanke-wanke, ta ɗauki tsintsiya ta je ta laɓe bayan ƙofa, ta ɗaga ta sama tana jira a ce mata tsohuwa. Daga baranda muka ji an yi sallama a hankali.